Leɓen Dobrila da Bindigar Jamus

A unguwarmu ta gindin dutse, nan Shtip, in jikin yaro ya yi zafi ba ma'aunin zazzaɓi ake fara nema ba, Dobrila ake nema. Za ta goge hannu a jikin siket, ta tallabo kan yaron da tafukanta biyu, ta ɗora leɓenta a goshinsa, ta lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Can sai ta ɗago ta ce, "Talatin da takwas da rabi. A jiƙa masa safa da ruwan khal mai tsami, in bai sauka ba zuwa yamma a kai shi asibiti." Kowace uwa a ƙasar nan da leɓe take gwada ɗanta, ba wani sabon abu ba ne. Bambancin kawai, sauran mata "akwai zafi" ko "babu" suke iya cewa, ita kuwa Dobrila lamba take faɗa, kuma in an je asibiti lambar ake tararwa.

Mutum ɗaya ne a unguwar bai taɓa yarda ba, shi ne mijinta Gligor. Shekara arba'in yana nanata mata magana ɗaya: "Ke tsohuwa, baki ba na'ura ba ne." Gligor mutum ne da ya ba da gaskiya ga duk abin da ke da maɓalli, musamman in an ce daga Jamus ya fito. Rediyo bakwai ne a gidansu, shi ya gyara su duka, ɗaya ce ke magana. Shekara ashirin da shida ya yi a ramin haƙar darma, ya fito da kunne ɗaya mai ji da huhun da ƙura ta cinye rabinsa. Matakala tara ne daga tsakar gida zuwa ɗakinsu, sau biyu yake tsayawa a hanya, wai yana duba kurangar inabi.

Ita Dobrila tana da shekara sha bakwai ta shiga babbar masaƙar gwamnati, aka zaunar da ita a kan keken ɗinki aka ce kwalar riga ce aikinta. Gwamnatin ta rushe, masaƙar ta bi ta, aka yayyaga ta ƙananan kamfanoni, kowane tsohon direba mai ɗan ido ya zama mai kamfani. Ita dai kwala. Shekara arba'in da ɗaya tana ɗinka wa mazan Jamus kwala, ba ta taɓa ganin wuya ɗaya daga cikinsu ba. A ƙarshe ta dire a wurin Gazda Kiro, wato maigida Kiro, wanda ya tara mata ɗari biyu da wani abu a tsohon ɗakin ajiyar taba, kafaɗa na gogar kafaɗa, tagogi a sama inda ba mai iya kaiwa sai da tsani.

A keken da ke hagunta, tun daga masaƙar gwamnati har wurin Kiro, Zorka ce. Zorka daga ƙauye take zuwa, a ƙaramar bas ɗin kamfani. Ita ta riƙe 'yar Dobrila ranar baftisma, ita ta raɗa mata suna, kuma kowa ya san irin wannan zumunci ya fi na jini nauyi a wurinmu. Wadda ta raɗa wa 'yarka suna ba ka yi mata musu a gaban mutane, ko da ta ce kogin Bregalnitsa gangarowa yake daga teku.

Da korona ta shigo, likitan Gligor ya kira Dobrila a waya, bai tsaya kwana-kwana ba. Da Teta ya kira ta, wato gwaggo, yadda muke kiran dattijuwa. "Teta Dobrila, abin nan in ya shiga gidanki, mijinki ba zai kai labari ba. Kin ji ni?" Ta ce ta ji. Saura shekara biyu ta yi ritaya, barin aiki ba ya cikin magana. Sai ta kafa doka. In ta dawo ba ta hawa sama. Madafar tsakar gida take shiga, wadda ake gasa tattasai a cikinta da kaka, ta tuɓe kayan aiki ta rataye, ta wanke hannu da fuska da barasar inabin da Gligor ke dafawa. Shi kuma ya tsaya a saman matakala yana kallon barasarsa tana tafiya a banza, yana cewa da ma annobar ta ɗauke shi ya huta.

A kamfani ma an ɗauki matakai, kar a ce ba a ɗauka ba. An manna jan layi a ƙasa, taku biyu-biyu, tun daga ƙofa har banɗaki. Kekunan dai an ɗaure su da ƙusa a siminti tun zamanin da, suna nan inda suke, gwiwar hannunki a haƙarƙarin maƙwabciyarki. An shimfiɗa soso mai maganin kashe cuta a bakin ƙofa, ya bushe a mako na biyu, kyanwar mai gadi ta mayar da shi katifa. Takunkumin fuska kuwa su suke ɗinka shi, dubu-dubu, a loda a tirela a kai waje, su kuma a ba kowace guda ɗaya ranar Litinin. Ranar da masu binciken lafiya za su zo, Gazda Kiro yakan samu labari tun da safe. Sai Pavlina, mai kula da layi, ta bi tana taɓa kafaɗa, ɗaya ta zauna ɗaya ta tashi. Waɗanda suka tashi, su ɗari da 'yan kai, a tura su ɗakin ajiyar yadi a rufe, su tsaya numfashi a kan numfashi har baƙi su gama yaba tazarar da ke cikin zauren.

Sai aka kawo bindiga. Haka kowa ke kiran na'urar gwada zafin, fara ce, mai kunama, a saita ta a goshi ta yi ƙara ta nuna lamba. Aka ce ana neman wadda za ta tsaya a ƙofa da ita. Dobrila ta ɗaga hannu kafin Pavlina ta rufe baki. Ba son bindigar take ba. Ƙofa a waje take, akwai iska, kuma duk sa'ar da ta yi a can sa'a ce da ba ta shaƙi numfashin mata ɗari biyu ta kai wa Gligor ba.

Ranar da ta gaya masa, kamar an ce an naɗa ta minista. "Ta Jamus ce?" Ta ce haka aka rubuta a kwali. "To yau dai kin ga ranar da zan huta da leɓenki."

Ba ta yi mako da bindigar ba ta gane halinta. Fatar goshi take ji, ba abin da ke ciki ba. Da sanyin Nuwamba ya sauko, matan ƙauye suna sauka daga bas bayan sun jingina kai da gilashi tun daga gida, bindiga ta riƙa cewa talatin da huɗu, talatin da uku da rabi. Dobrila ta kai wa Pavlina takardar da take rubuta lambobin ta ce, bisa ga wannan, rabin layin hannun riga sun rasu a hanya. Pavlina ta ce ta rubuta talatin da shida da rabi kawai, abin da doka ta ce shi ne kar a shigar da wadda ta haura talatin da bakwai da rabi, ba ta ce komai a kan gawa ba.

Wata Alhamis, ana saura kwana ɗaya tirela ta zo ɗaukar riguna, bas ɗin ƙauye ta tsaya ƙarfe shida saura kwata. Mata sha huɗu suka sauko, Zorka ce ta ƙarshe, ita da kullum take fara dirowa tana zagin direba. Ta zo ta tsaya a kan soson kyanwa, idonta a ƙasa. Dobrila ta saita bindiga. Talatin da biyar da tara.

Amma gashin gaban goshinta a jiƙe yake, bakin ɗankwalinta ma a jiƙe, kuma daga jakarta wuyan wata gorar ruwa ya leƙo, ƙanƙara fal cikinta, a watan Nuwamba.

"Tsaya tukuna, uwar ɗiyata," in ji Dobrila.

"Me bindigarki ta ce?"

"Ta ce kin fi ni lafiya."

"To matsa min, ƙafata ta yi sanyi."

"Ɗago ki dube ni."

Zorka ba ta ɗago ba. Ta rage murya. "Dobrila, mura ce. Kin san abin da aka yi wa matar nan ta layin aljihu. Har yau a kanti in ta shiga sai a watse, jikanta ma 'ɗan gidan mai korona' ake ce masa. Ba za a ce ni na kawo ba. Ki bar ni in wuce, in zauna a kekena, ba zan yi wa kowa magana ba."

Layi ya taru a baya, ana buga ƙafa. Wata ta ce, "Teta Dobrila, in hira ce ku bari sai lokacin kofi." Pavlina ta fito da takarda a hannu, ta leƙa bindigar, ta ce lamba ta yi, a wuce. Dobrila ta ce matar nan ba ta da lafiya. Pavlina ta ce ba ta da ikon mayar da kowa gida ba lamba, gobe tirela za ta zo, kuma hannun riga ɗari huɗu na jiran Zorka. "Ki ba ni lamba, in ba haka ba ki ba ta hanya."

To, lamba aka ce. Dobrila ta sa bindigar a aljihu, ta ja takunkuminta ƙasa, ta tallabo kan Zorka da tafukanta biyu, ta ɗora leɓenta a goshinta. Da fari sanyin ƙanƙara ta ji. Ta ƙi ɗagowa. Ta tsaya nan, ido a lumshe, har sanyin ya janye, zafin ya taso daga ciki. Tana nan a haka tari ya ƙwace wa Zorka, mai zurfi, sau uku, daidai wuyan Dobrila, ta gefen takunkumin Litinin da ya riga ya saki.

"Talatin da tara," in ji Dobrila.

Aka zaunar da Zorka a kan benci ana jiran motar asibiti. Bayan minti goma Pavlina ta karɓi bindigar ta gwada ta da kanta, ta nuna talatin da takwas da tara. Pavlina ta dubi lambar, ta dubi Dobrila, ta ce, "Ai da kin zaunar da ita minti goma, da bindigar ma ta faɗa."

Haka ne. Dabara ce mai sauƙi, ko ɗan firamare zai kawo ta, kuma cikin mata ɗari biyu da ke tsaye a wurin ba wadda ta zo wa sai da aka gama. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Dobrila da ta yi wata takwas tana wanka da barasa saboda huhun mijinta, ba ta tuna da shi ba sai da ta mayar da takunkumin kan leɓenta. A nan gabanta ya faɗi, ta zauna a ɗaya gefen bencin. Zorka ta juya mata baya.

Aka rufe kamfani, aka gwada mutane, aka samu goma da cutar. Dobrila ta tako gida a ƙasa, bindigar na aljihunta, ba wanda ya tuna ya karɓa. Ta tsaya a tsakar gida ta kira Gligor, ya fito saman matakala, ta gaya masa duk abin da ya faru. Ta ce kwana goma sha huɗu za ta yi a madafa, zai riƙa ajiye mata abinci a bakin ƙofa, kuma in ya kuskura ya taɓa hannun ƙofar za ta fasa rediyon nan mai magana.

Gligor ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya. "Safe da yamma ki nuna min lamba ta taga. In ta haura, na shigo. Ba zan zauna a sama ina jin labarai kina ƙonewa a cikin kwalaben tattasai ba." Ta san shi. Mutumin da ya taɓa komawa cikin rami bayan ya rufta don ɗauko abokin aikinsa, ƙofar katako ba za ta tsayar da shi ba.

Kwana huɗu lafiya lau. Ya zo taga da tabarau a hanci, ta harbi goshinta, ta manna bindigar a gilashi, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwa a rediyo. Rana ta biyar ta buɗe kwalbar aibar, gasasshen tattasan da suka dafa da hannunsu a watan Satumba, ta kai hanci, ba ta ji komai ba. Ta ɗebo a cokali ta sa a baki, kamar ta tauna jiƙaƙƙen yadi. Rana ta shida ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba, ta ɗora leɓenta a bayan hannunta ta ce wa kanta talatin da takwas da bakwai.

Sai ta yi abin da ta koya wurin Zorka. Akwai kwalaben tattasan da aka jiƙa cikin ruwan tsami a ƙasa, bayan ƙofa, inda siminti ya fi sanyi. In ta ji takunsa a matakala, tana da lokaci, tunda sau biyu yake tsayawa duba inabi. Ta ɗauki kwalba ta danna a goshi, ta goge da tawul, ta je taga. "Talatin da shida da biyu," in ji Gligor. "Kin ga aikin Jamus." Likita ta waya yake duba ta, magani kuwa Pavlina ce ke kawowa, ta zagayo ta bayan gida ta ajiye a kan katanga, ba sallama ba magana. Tari kuma sai ta tura fuska cikin matashi. Kunnen Gligor ɗaya ne, shi ma rediyo ya riƙe.

Rana ta tara ce ta fi muni. Tun safe sanyi ke kaɗa ta har haƙora na haɗuwa, ta cika murhu da itace, ɗakin ya ɗauki zafi, kwalaben ma suka yi ɗumi. Barci ya sace ta da rana. Ba ta ji matakala ba, sai ƙwanƙwasa gilashi ta ji. Ta miƙe da kyar, ta dafa kujera, ta dafa tebur, ta iso taga. Gligor ya daɗe yana kallonta.

"Idonki bai yi min ba, tsohuwa."

"Naka ma bai taɓa yi min ba, na haƙura."

"Harba in gani."

Ta san abin da bindigar za ta ce. Hannunsa kuma ya riga ya kai kan hannun ƙofa, tana ganin ƙarfen yana motsi daga ciki. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ba na mutuwarta ba, na ƙofar nan ta buɗe. Sai ta sunkuyar da kai kamar mai leƙen ƙasa, ta manna goshinta a gilashin tagar, wanda sanyin waje ya mayar ƙanƙara.

"Mene ne wannan a ƙafarka?"

"Silifa."

"Silifa. A Nuwamba. Ba safa. Kai tsoho, kana da hankali kuwa? Ina safar ulun da na saƙa maka? Kwana tara kawai na bar ka, ka koma kamar wanda ba shi da kowa. Wandon nan tun Lahadi yake jikinka, ina gani. Waken jiya ka jiƙa shi kafin ka dafa, ko haka ka zuba shi kamar tsakuwa? Kajin fa, wa ya buɗe musu? Ka kira 'yarka, ko sai ta ji a gari cewa ubanta na yawo tsirara a tsakar gida?"

Haka ta yi ta yi, goshi a gilashi, tana ƙirga daƙiƙu a zuci, tana ɗauko numfashi daga inda ba ta sani ba. Ta bi ta kan kaji, ta bi ta kan rediyo shida marasa magana, ta tono wani bikin aure na shekara talatin da ya wuce da ya yi rawa da wata bazawara. Gligor ya saki hannun ƙofa don ya kare kansa a kan maganar bazawarar. Nan ta ɗago, ta harba, ta manna masa.

Ya gyara tabarau. "Talatin da shida da huɗu."

"To ka gani."

"Mai zazzaɓi ma ba ta da ƙarfin wannan masifar," ya ce. Ya juya ya nufi matakala yana jan silifa. Ta tsaya a tsaye har ya gama duba inabinsa sau biyu ya shige. Sannan ta goge tabon goshinta a gilashi da hannun riga, ta sulale ƙasa, ta yi kuka a cikin tawul ba sauti.

Kwana goma sha huɗu suka zama ashirin da ɗaya, ta ce masa sabuwar doka ce daga Skopje, babban birnin ƙasa. Gligor bai kamu ba. Zorka ta yi mako uku a asibiti ta fito, ta yi wata biyu ba ta gaishe da Dobrila ba, sannan wata safiya ta ajiye mata ƙullin cuku a kan keke ta ce, "Leɓenki kaushi gare shi, ki riƙa shafa mai." Gazda Kiro ya aiko a karɓi bindigarsa, Gligor ya raka ta har bakin titi. Har gobe in ka zauna da shi zai ba ka labarin yadda matarsa ta sumbaci korona a goshi ba ta kamu ba, kuma ba faɗar baki ba ce, na'urar Jamus ta tabbatar sau arba'in da biyu. Hancin Dobrila bai dawo ba. In wake ya yi gishiri yakan ce hannunta ya tsufa, ta ce haka ne.

Tun ranar ƙofar kamfani ba ta sake ɗora leɓenta a goshin kowa ba. Matan unguwa su kawo yara, ta ce su je kantin magani su sayi ma'auni. Shi kansa Gligor ya sayi tasa bindigar a kasuwa, wadda mai sayarwa ya rantse masa ta Jamus ce.

Sai bana da bazara, bayan ta yi ritaya, tana tsinke wake a tsakar gida, ya sauko yana jan hanci. Ya tsaya a kanta yana jujjuya bindigar, ya ce batirinta ya mutu, kuma kanti a rufe yake yau Lahadi. Ya yi gyaran murya. Ya dubi inabi. Sannan ya cire hula ya sunkuyo da kansa.

"Ba wai na yarda ba ne," ya ce. "Kafin gobe dai."

Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a siket. Ta tallabo kansa, ta ɗora leɓenta. Tun a daƙiƙar farko ta san talatin da shida da rabi ne, ba komai sai mura. Ba ta ɗago ba.

"Har yanzu ba ki gama ba?"

"Yi shiru, tsoho," ta ce a jikin goshinsa. "Aiki nake."